Baiwa Fa

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji Kadri a cikin tasi ɗinsa, a bakin wata danja a Fordham Road, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki. Mutumin da a da in ya kama zance sai an roƙe shi ya dakata ya sha ruwa, wanda ko ɗan sanda ya tare shi sai ya gaji da bayani ya sallame shi, yau ga shi a kujera mai taya a wani bene a unguwar Morris Heights a Amurka, harshe ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa. Salati ma a zuci yake yin sa. Amma wannan kalma ɗaya ciwo bai taɓa ta ba. In ƙishi ya kama shi, ita zai faɗa. In rana ta shigo ta taga ta dame shi, ita ce. In ma ba ya son komai, yana dai son ya ji ko akwai mutum a gidan, ita ce.

"Baiwafa!"

"Na'am, Alhaji, ga ni nan zuwa," in ji matarsa, Hajiya Fusena, daga kicin.

Da wannan suna yake kiran ta shekara arba'in da ɗoriya, har yaran maƙwabta suka ɗauka sunan yanka ne. Asalinsa kuwa a wani gidan silima yake, a Kumasi, lokacin tana budurwa tana taya uwarta sayar da koko da ƙosai a unguwar Aboabo. Shi Kadri a lokacin yaron kanti ne a shagon wani Ba'indiye mai sayar da yadi a Adum, kuma saboda wannan kaɗai duk samarin zango, unguwar Hausawa, suka naɗa shi sarkin fassara. Su biya masa kuɗin shiga, su kewaye shi, shi kuma ya gyara zama ya riƙa gaya musu abin da Indiyawa ke cewa a fim. Inda ba ƙasa ai nan ake gardamar kokawa: babu Ba'indiye ko ɗaya a kan bencin da zai ƙaryata shi.

Fim ɗin da ya kai ta, ita da yayarta da aka haɗa su don kada a ce an bar yarinya ita kaɗai, na ƙauye ne. Mutanen zango ba ruwansu da sunan da Indiyawa suka ba fim, su ma suna da bakin raɗa suna, don haka suka ce masa Mai Jan Tulu. Akwai wani manomi mai shanun huɗa biyu, akwai yarinya mai ɗaukar jan tulu zuwa rijiya, aka yi soyayya, aka yi aure da ganguna da furanni. Fari ya zo, manomi ya tafi birni neman abin kai wa baki. Da ya dawo sai ya hau wani tudu, iska na kaɗa rawaninsa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya miƙa hannu wajen gidan da yarinyar take yana rera waƙa, yana ta maimaita kalma guda.

Fusena ta tambaya a hankali, "Me yake cewa?"

Kadri ya sunkuyo ya ce, "Ba ki ji da kunnenki ba? Ya ce baiwa fa, baiwa fa! Wato yarinyan nan baiwa ne Allah ya ba shi. Daɗi ne ya sa shi kuka. Indiyanci ai rabinshi Hausa ne, lanƙwasa shi kawai suke yi." Sai ya ƙara da cewa, "Ni ma na samu nawa baiwan."

Yayarta ta yi tsaki, ita kuwa Fusena ta rufe fuska da gyale. Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu aure.

To, malamar asibiti da ke zuwa koya wa Alhaji magana ita ce ta ce a nemo masa waƙoƙin ƙuruciyarsa, wai waƙa tana bin wata hanya a ƙwaƙwalwa wadda magana ba ta bi. 'Yar autarsu, Hamdatu, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta ɗauki abin da zafi. Sai dai ta ina za a nemo fim ɗin da ba a san sunansa ba? Ta rubuta Mai Jan Tulu a waya, waya ta kawo mata hotunan tukwane. Daga ƙarshe ta sa uwarta ta rera waƙar da hanci, ta naɗa, ta kai wa wata abokiyar aikinta Ba'indiya, ita kuma ta kai wa tsohuwarta. Tsohuwar tana ji ta dafe ƙirji, ta faɗi wani dogon suna, ta ce a fim ɗin nan ta yi kukan da bai da na biyu.

Ranar Lahadi bayan la'asar Hamdatu ta zo da murnarta. Fusena ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo, ta ba Alhaji a baki, ta goge masa gemu, ta juya kujerarsa ta fuskanci talabijin. Ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau ba tare da ta san dalili ba. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya wuce a kan gadarsa, tagogi suka ɗan girgiza, sannan fim ya fara.

Ga rijiyar, ga jan tulun, ga shanun nan biyu masu ƙararrawa a wuya, babu abin da ya tsufa sai masu kallo. Alhaji ya ɗaga hannun hagunsa mai lafiya yana bugun kujera daidai da kiɗa, gefen bakinsa da ke motsi ya yi murmushi. Daɗi ya cika Fusena har ta ji idonta ya kawo ruwa.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne rubutun Turanci da ke gudu a ƙasan hoton. Hamdatu, kamar sauran yaran ƙasar nan, ba ta kallon komai sai da wannan rubutu, ko da kuwa da Turanci ake maganar. Fusena karatunta na boko a hankali yake tafiya, kafin ta haɗa kalma biyu layi ya wuce, don haka ba ta ko kula shi. Alhaji kuwa tsohon mai karanta jarida ne, kuma ciwo bai taɓa idonsa ba.

Da aka yi nisa sai Hamdatu ta ce, "Mma, wait. Wannan mai gashin baki, kin ce brother ɗin yarinyan ne?"

"Wanshi ne mana. Babanki ya ce wanshi ne."

"No. Abokin mijin ne. Ya ce mata mijin ya mutu a birni. Yanzu shi ya aure ta."

Fusena ta ce, "Ei!" ta juya ta dubi Alhaji. Hannunsa ya daina bugun kujera.

Sai ga tudu, ga iska, ga rawani. Manomi ya miƙa hannu ya fara. Fusena ta buɗe baki za ta bi waƙar kamar yadda ta saba a kicin, sai ta ga 'yarta ta kai hannu da sauri wajen abin sauya tasha, ta fasa, ta sunkuyar da kai.

"Mene ne?"

"Ba komi, Mma."

"Hamdatu, ni na haife ki. Me rubutun ya ce?"

Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi bango, sannan ta ce cikin ƙaramar murya, "Ba baiwa ba ne, Mma. Kalman nasu ne, bewafa. It means unfaithful. Mai cin amana."

Manomi ya ci gaba da maimaitawa, ba gajiya, kowace maimaitawa rubutu na bin ta a ƙasa. Fusena ta tashi ta kwashe kwanukan tuwo ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba a banza.

Da a ce kalmar zagi ce kawai irin ta jaki ko kare, da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Amma wannan kalma ta san inda za ta soka. Fusena ce ta fara zuwa Amurka, ta bar shi a Kumasi da yara biyu, tana aikin kula da tsofaffin Turawa a gidajensu, tana wanke musu jiki tana juya su a gado. An ce shekara biyu takardunsa za su fito, sai da aka kusa goma. A tsawon wannan lokaci babu abin da bakin zango bai faɗa ba. Wai ta sami wani a can, wai ta yi aure a ɓoye, wai Kadri jiran gawon shanu yake yi. Duk labarin yana iso ta, don ƙarya ba ta neman biza. Shi kuwa bai taɓa tambayar ta ba ko sau ɗaya. In sun gama magana a waya sai ya ce, "To, sai an jima, Baiwafa," ita kuma ta tafi aiki da wannan kalma tana ɗumama ta a cikin sanyin tashar bas.

Yanzu sai tambaya ta zo ta zauna mata a ƙirji. Mutumin nan shekara nawa ya yi a shagon Ba'indiye? Shin ya sani? Shin duk lokacin nan da take amsawa da na'am, magana yake gaya mata a fakaice, ta hanyar da ba za ta iya ramawa ba? Ga shi kuma wanda za a tambaya ba shi da bakin amsawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ba ta taɓa yi da shi ba, har ta ji kunyar ɗankwalin da ta ɗaura.

Hamdatu ta shigo tana ba da haƙuri, rabi da Hausa rabi da Turanci. Fusena ta ce mata ta je gida, ba laifinta ba ne, wanda ya nemo gaskiya ba a cin sa tara.

Washegari da safe tana dama koko tana jiran kiran da ta saba ji, bai zo ba. Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta leƙa, ta tarar ya ɗauki cokali yana bugun ƙarfen kujera, idonsa a ƙasa. Ta kawo ruwa ta ajiye. A ranta ta ce, an kama ɓarawo, shi ya sa ya kasa haɗa ido.

Haka aka shiga kwanaki, gidan ya koma na kurame. Ruwa, cokali. Taga, cokali. Ta yi masa wanka, ta shafa masa man kaɗe a ƙafar da ta mutu, ta ba shi magani a kan lokaci, babu abin da ta rage, amma hannu ne kawai ke aiki. Da malamar asibiti ta zo ta yi ta fama da shi ya faɗi kalmar nan tasa, ya datse baki kamar an ɗinke. Ta ja Fusena gefe ta ce abin ya dame ta, domin a kan wannan kalma take fatan gina sauran, in kuma ta ɓace, mai yiwuwa ba za a sake jin muryarsa ba. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Fusena ta ji tsoro ya ratsa fushin nata, amma fushin bai tafi ba, sai suka zauna tare.

Wata hantsi ta ɗauki kwandon kaya ta sauka ɗakin wanki da ke ƙasan benen. Ta zuba kaya a inji, sai ta ga ta manta sabulu. Ta hau sama tana mita, ta buɗe ƙofa a hankali don ta ɗauka barci yake yi. A nan ta ji wani sauti daga falo, kamar mai hura wutar da ta ƙi kamawa.

"Fff... Fu... Fff..."

Ta tsaya a lungu inda ba zai gan ta ba. Alhaji ya jawo kujerarsa gaban madubin da malamar ta kafa masa, ya kama leɓensa na ƙasa da hannun hagu yana ɗaga shi ya haɗu da haƙora. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga, miyau yana zuba ta gefen da ya mutu.

"Fu... Fus... Fff..."

Sunanta yake nema. Sunan da bai taɓa kiran ta da shi ba tun ranar silima, shi yake ƙoƙarin haƙowa daga harshen da ya ƙi shi. Ya gwada, ya gwada, ya kasa, ya bugi cinyarsa, ya jingina kai da bango kafaɗarsa tana rawa. Can ya share fuska da hannun riga ya sake kama leɓen.

Fusena ta dafa bango. Wanda ya san ma'anar zagi yana yin sa shekara arba'in ba ya zama gaban madubi yana wannan wahala. Ba kamun ɓarawo ba ne ya rufe masa baki, kunya ce, kunyar mutumin da ya gano cewa kyautar da ya fi alfahari da ita ashe da ƙaya a ciki. Tausayi ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta. Ta koma da baya a hankali, ta buɗe ƙofa ta rufe da ƙarfi kamar yanzu ta shigo, ta yi sallama, ta ba shi lokacin gyara fuska.

Wankin ranar dai ba a yi shi ba. Ta dafa shayi ta ajiye a kan tebur can nesa da hannunsa, ta ɗauke cokalin nan ta soke a ƙugun zanenta. Ta kira Hamdatu a waya ta ce, "Gaya mini inda ake danna a kashe rubutun nan na gulma." Aka gaya mata, ta danna. Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta gefen kunnensa mai kyau, ta kunna Mai Jan Tulu. Alhaji ya kau da kai wajen taga.

Ta ce, "Kafin mu fara, Alhaji, tsakaninka da Allah. Indiyancin nan, ka taɓa ji?"

Ya lumshe ido. Sannan ya girgiza kai.

"Ko kaɗan?"

Ya ɗaga hannu ya matse yatsa biyu, ya bar ɗan tsakani da ko ƙwayar gero ba za ta wuce ba.

"Wato farashin yadi da sannu da zuwa. Ei, Kadri! Duk samarin Aboabo suka riƙa biya maka silima a kan ƙarya!" Ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai yau, kuma dariya ce ta fizgo shi. Ta yi dariya har ta share hawaye, shi kuma gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya koma.

"To yau ni ne sarkin fassara. Ka yi shiru ka ji."

Ta gyara zama yadda yake yi a da, ta ɗaga haɓa. Da manomi ya tare yarinya a rijiya, Fusena ta ce, "Ya ce, 'yan mata, ba ni ruwa in sha. Yarinyan ya ce, gidanku babu randa ne?" Da aka nuno shanu, ta ce saniyar hagu tana ƙorafin an fi ba saniyar dama dusa. Da mai gashin baki ya fito ta nuna shi da baki ta ce, "Wannan dai an ce ba wanshi ba ne, to Allah ya isa, mun yi shekara arba'in muna gaishe shi." Alhaji ya juyo daga taga. Wani sauti ya fito masa ta hanci, irin wanda rabon da ta ji shi tun kafin ciwo.

Sai tudu ya zo. Ta ji jikinsa ya ƙage, ya runtse ido. Ta rage ƙarar talabijin, ta kama hannunsa na dama, wanda ba ya ji, ta ɗora a cinyarta.

"Wannan mutum yana da nashi magana, shi da matanshi, su suka san abin da ya haɗa su. Ba'indiye ya faɗi nashi da bakinshi. Kai kuwa da Hausa ka faɗa mini, da Hausa na ji, da Hausa na amsa. Da shi na yi sanyin ƙasan nan ni kaɗai. Yanzu don wani rubutu ya gudu a ƙasan talabijin sai ka karɓe mini suna? Wa ya ba ka izini?" Ta matse hannunsa. "Ni ban san wani Fusena ba a gidan nan. Ka bar wahal da leɓenka. In kana so na, ka san inda ake samu na."

Ya buɗe ido ya dube ta. Ta gane ya gane ta ji shi a gaban madubi, ba ta kuma ɓoye ba.

Ta tashi ta shiga kicin, ta bar shi da manomi yana ta kiran matarsa a kan tudu, ga shayi can a tebur ya daina hayaƙi, ba cokalin bugawa. Ta tsaya a gaban murhu hannu biyu a naɗe, ba ta taɓa komai ba. Jirgi ya zo ya wuce. Waƙar ta ƙare, aka shiga wata magana da Indiyanci. Ta fara tunanin ko ta matsa masa da yawa, ko ta koma ta mayar masa da cokalinsa a haƙura.

Sai ta ji shi. Muryar a dushe take saboda kwanakin da ta yi a ajiye, kuma bai haɗe kalmar yadda ya saba ba. Ya raba ta biyu, ya ba kowane ɓari haƙƙinsa, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

"Baiwa... fa."

Fusena ta kama bakin zanenta ta goge ido, ta jira numfashinta ya daidaita don kada ya ji.

"Na'am, Alhaji," ta ce. "Ga ni nan zuwa. Shayinka ya huce, bari in ɗumama."